Bakin Baba a Ƙofar Kasuwa

Maijirgi, bayan girbi

Zuwa ga Muddassir, ma'aikacin lafiya a Mayahi.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Huda da yara. Mu nan alhamdulillahi, hatsin bana bai yi ba amma muna da rai. Gaisuwa ta ƙare, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Ni ce Biba ɗiyar Mahmudu mai taba, in ka manta. Kakarka Maryamu da kakana uba ɗaya suke, shi ya sa kake ce wa Babana Kawu, shi ya sa kuma aka shimfiɗa maka tabarma a zaurenmu ranar sunan jikata. Na kira wayarka har na gaji ba ka ɗauka. To ga takarda a hannun Alkasim direba, ita ba a kashe ta.

Ranar kasuwar da ta wuce na ɗora buhun taba a amalanke na tafi, sai na iske mutane sun yi cincirindo a ƙofar kasuwa. An kafa wani allon ƙarfe da ya fi mutum tsawo, an zuba mishi siminti a gindi. A jikinshi hoton baki ne a wangale, ga gyambo cikin kunci, an rubuta da ja: TABA NA KASHEWA. Kallo ɗaya na yi na gane. Muddassir, bakin ubana ne.

Kada ka ce mini ba wanda zai gane. Ga tsagen nan uku na gefen baki, da ɗayan da ya karkace tun ranar da hannun wanzami ya goce yana jariri. Ga wushirya. Ga haƙorin da jaki ya karya. Wani Buzu na Issawane da ya daɗe yana sayen taba wurinmu ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Wannan ai Mamudu ne." Ya ja raƙuminshi ya bar ni da buhuna.

Mutumin da tun da aka haife ni bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, kai ka zo ranar suna ka lallashe shi, ka ce ya buɗe baki ka ɗauka ka nuna wa babban likita. Ashe babban likitan naka kasuwar Maijirgi ce!

Yanzu Baba ya daina fita. Malam Sabi'u da suka tsufa suna cin tuwo a akushi ɗaya, yanzu sai ya aiko a ce ya ƙoshi. Ranar ƙarshe da ya je masallaci ya sha ruwa a randa, a gaban idonshi aka ɗauraye moɗar da ƙasa. Yana zaune a ɗaki ya ja rawani ya rufe baki, har ni ba ya so in gani.

Abu ɗaya nake so. A cire allon nan, ubana ya fita cikin mutane.

Biba.

*

Mayahi

Yaya Biba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Huda na gaishe ki. Yaya jikin Kawu? Allah ya ba shi sauƙi.

Na karanta takardarki, na kuma sha zagin da ke ciki. Wayata ba ƙin ɗauka na yi ba, inda ake tura mu babu rezo, waya ba ta kamawa. Amma tunda kin zaɓi a yi ta a rubuce, bari in rubuta miki tawa.

Ban yi wa Kawu ƙarya ba. Na nuna wa likita hoton, ya ce ciwon daji ne na baki, a kai shi Maradi ba tare da ɓata lokaci ba. Na aiko Alkasim ya faɗa miki haka. Me kika ce? Kin ce zafi ne, wanzami zai yi mishi ƙaho. Wannan ba ki rubuta a takardarki ba.

Maganar allo kuwa, ki ji yadda aka yi. Ƴan furoje, ƙungiyar lafiyar da nake aiki da su, sun fara kawo hotunan gargaɗi daga waje, huhun Turawa da bakin Turawa. Na yi ta yawo da su a kan moto, babur ɗina, ƙauye ƙauye, mutane na yi mini dariya, wai cutar Nasara ce, su tabarsu ta gari da kanwa magani ce. Wata mata a garin Sarkin Hausa na tarar tana tura wa ɗanta taba a kogon haƙori, yaron na ta amai. Turawa sun fi shekara sittin da sanin abin nan na kisa, mu sai yanzu aka rubuta mana shi da Hausa a ƙofar kasuwa. Aka ce ana son bakin mutumin ƙasar nan, na ba da wanda ke hannuna. Babu fuska, babu suna. Tsage kuwa, wallahi ko a raina. Ni ba a yi mini ba, ƴaƴana ba a yi musu ba, ban san har yanzu ana karanta mutum da su kamar katin shaida ba.

Allon ba nawa ba ne da zan ɗauki guduma in je. Kuma ba na Maijirgi kaɗai ba ne, akwai a tashar Tasawa, akwai nan Mayahi, da Sarkin Hausa, da Issawane. Ki gaya wa Malam Sabi'u cutar ba a ɗaukarta a akushi ko a moɗa, jahilci ne ke damunshi.

Ki yi haƙuri da abin da zan ce, Yaya. Na lura buhun da Buzu ya bar ki da shi ya shiga takardarki tun kafin ciwon Kawu ya shiga. Abin da kike dakawa a turmi shi ya cinye bakin mahaifinki. Ki bar faɗa da ƙarfe, ki sa shi a mota.

Muddassir.

*

Maijirgi, lokacin dashen taba

Muddassir,

Sallama. Muna nan yadda ka bar mu. Ka gaida Huda, ita ba ruwanta.

Lalle ka yi baki! Ni za ka ce wa buhu ya fi mini ubana? Yaron da na goya a bayana ranar da aka kawo shi bikin Zara'u yana zawo? To bari in koya maka abin da ba a koya maka a lakwal, makarantarku ta boko, ba.

Baba ma ya ji gargaɗin nan naku tun kafin a haife ka. Ya ce a rediyo ya ji yana saurayi, wai Turawa sun gano taba na sa ciwo. A shekarun nan ne gyaɗa ta mutu, ruwa ya ƙi, aka ci ganye har aka rasa. Ya zauna ya duba: ga abin da ke kisa bayan an tsufa, ga abin da ke kisa kafin damina. Sai ya haƙa rijiya a garka, lambunmu na rani, ya dasa taba. Da ita aka raine mu, da ita aka yi wa kakarka Maryamu likkafani, in ba a gaya maka ba.

Furojenku sun zo bara da irin tumatir da albasa, wai mu canza. Mun shuka tumatir. Duk gari ya nuna rana ɗaya, babu mota, babu mai saye, muka zuba wa awaki har su ma suka ƙi. Taba kuwa ka shanya ta ka ɗaure, ta shekara a ɗaki tana jiranka, mutanen arewa su zo har ƙofa. Garkar nan ita ta hana ɗana Lurwanu bin sa'o'inshi zuwa haƙar zinariya cikin sahara, inda ɗan maƙwabciyarmu Jamila ya tafi har yau ko labari. Ka kawo mini abin da zai tsayar da shi a gida in ba taba ba, gobe in tuge ta da hannuna. Manyan motocin kamyo cike da kwalayen sigari suna wucewa a kwalta kowa na gani, ban ga an kafa musu allo ba. Sai bakin tsoho mai turmi ɗaya.

Kana ta cewa in sa shi a mota. Kai, a ina ake shiga mota a Maijirgi? A ƙofar kasuwa, ƙarƙashin allonka. A ina ake sauya mota? A tashar Tasawa, ƙarƙashin wani allon naka. Na roƙe shi, Lurwanu ya roƙe shi, liman ya zo har ɗaki. Ya ce, "Ba zan tsaya ƙarƙashin bakina ƴan kamasho na nuna ni da yatsa ba. A cire, in tafi." Ka san Kawunka, in ya ce a'a ko sarki ya haƙura. Na je da sassafe na yaɓe allon da laka, kafin azahar an wanke, aka aiko mini da kashedi wai kayan hukuma ne.

Tunda abin da kuke son ji ke nan, to ka ji. Baba ya bar taba. Battarshi na rataye a ƙusa, ya kusa wata bai taɓa ta ba.

A cire allon nan, Muddassir.

Biba.

*

Mayahi

Yaya Biba,

Ina gaisuwa, ina yi wa Kawu sannu. Mu lafiya lau, sai ƙaramin da ke haƙori.

Zan bar maganar tumatir, don kina da gaskiya a nan kuma ba ni na tsara ta ba. Amma layin ƙarshe na takardarki, Yaya, wallahi sai da na miƙe tsaye. Kawu ya bar taba! Mutumin da ya fi shekara hamsin da ita a kunci! Kin ga abin da nake faɗa miki? Abin da rediyo ya kasa, abin da ni na kasa, allon da kike zagi ya yi shi a wata ɗaya. Ya yi zafi, na yarda, amma ya yi aiki.

Na kai wa shef ɗinmu, shugaban aikin, labarin, ya yi murna ƙwarai. Na kuma faɗe shi a shirinmu na rediyo, ba tare da suna ba, ki kwantar da hankalinki. Na ce kawai wani dattijo mai sayar da taba a yankin Tasawa ya ga allo ya tuba. Yanzu shef na cewa tunda abin na ci, a bar allunan har damina.

Ki lallaɓa shi ya rufe fuska ya shiga mota. Wanda ya iya barin taba zai iya wuce ƙofar kasuwa.

Ƙaninki,
Muddassir.

*

Maijirgi

Muddassir,

Sallama don addini ya ce a yi. Lafiyarka ba na tambaya.

Tir da kai! Duk karatun nan naka layi ɗaya ya gagare ka? Na ce ya bar taba, ban ce ya tuba ba. Ya bar ta ne don bakin ba ya buɗuwa. Muƙamuƙin ya ƙage, yatsa ɗaya ba ya shiga tsakanin haƙoranshi. Ya bar tuwo, ya bar goro, ya bar fura mai kauri. Koko nake tsinkawa kamar ruwa in ɗura mishi da ƙaramin cokali ta wushiryar nan da ka nuna wa duniya, rabi ya shiga rabi ya zubo a zanina. Wannan ita ce nasarar da ka kai wa shef ɗinka.

Kuma wai ba ka faɗi suna ba. Dattawa nawa ke sayar da taba a yankin nan da bakinsu ke kan allo? Rediyon na gefen katifarshi, ita kaɗai ta rage mishi abokiyar hira tunda ka kore mishi mutane. Da kunnenshi ya ji muryarka. Sai ya ce ta cikin haƙora, "Yaron nan bai gama da ni ba?" Ya sa aka fitar da rediyon tsakar gida. Washegari mata suka yi ta shigowa yi mini barka, wai Mamudu ya tuba, kamar dā arne ne. Mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba!

Na tsane ka a kan wannan, ba na ɓoyewa. Ka ce taba ce ta ci bakinshi, to na ji, wataƙila haka ne, ni ba likita ba ce. Amma ba taba ce ta zaunar da shi a ɗaki ba. Yanzu ko asibiti ya daina zance. Abin da yake tambaya kullum shi ne, "An cire?" So yake ya zauna a rumfarshi ranar kasuwa ko sau ɗaya, ba don ciniki ba, don a ce mishi Mamudu ina kwana ya amsa. Kai kuma ka ce sai damina.

Ba zai kai damina ba. Na rubuta maka shi dalla-dalla don kada ka sake karanta wani abu daban.

Biba.

*

Mayahi, farkon bazara

Yaya Biba,

Ina gaisuwa. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske Kawu da sauƙi.

Takardarki ta daɗe tana jirana a buro, wurin aikinmu. An tura mu rigakafi rugagen arewacin Issawane, sai shekaranjiya na dawo na buɗe ta. Maganar rediyo laifina ne. Da kin rubuta mini yadda jikin yake tun a waccan, da ban yi ba, amma wannan ba uzuri ba ne.

Na shiga wurin shef, muka yi ta har aka jiyo mu a waje. Ya ce in an cire allunan masu ba da kuɗi za su tambaya. Na ce ko a cire ko ya nemi wani ma'aikacin. An cire na Mayahi jiya, na Maijirgi da na Tasawa an ba maƙeri aikin, wataƙila kafin ki karanta wannan ya sare su. Na samu aron mota, zan zo ranar Asabar har ƙofar gida in ɗauke shi. In ya ce sai ya fara zama a rumfarshi, ni zan kai shi in zauna kusa da shi, in sha ruwa a moɗarshi kowa na gani.

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa taba na kisa, kuma ba zan daina faɗa ba. Amma ki gaya wa Kawu an cire.

Muddassir.

*

Maijirgi

Muddassir,

Sallama. Ka mayar da motar mutane. Mun binne Baba ranar Laraba bayan la'asar.

Maƙerin naka ya zo ranar Alhamis. Muna zaman makoki muna jin ƙarar zartonshi daga kasuwa. Da aka ɗauko Baba zuwa makwanci babu wata hanya sai ta ƙofar kasuwa, don haka ya wuce ƙarƙashin allon duk da haka, a kan kafaɗun mutane. Malam Sabi'u na gaba yana kuka kamar mace.

Na aika Lurwanu da amalanke ya karɓo allon kafin wani ya yi ƙofar bayan gida da shi, don Alkasim ya ce na Issawane tuni mai shayi ya kare iska da shi. Yana nan bayan rumbu, na juya fuskarshi bango. Na yi niyyar in sa a farfasa shi. Na kasa. Jiya da na shiga ɗiban hatsi sai na tsinci kaina na juyo shi ina kallon tsagen nan da ya karkace. Katin shaidarshi, da hukuma ta ɗauke shi dole, ruwa ya cinye hoton tun shekarar da ɗaki ya faɗi. Duk duniya ba ni da hoton ubana sai wannan, Muddassir. Jikata za ta girma ta ce a nuna mata kakan uwarta, wannan zan nuna mata?

Ban yafe maka ba, kada ka ɗauka shi ya sa na rubuto. Buƙata ce da ni. Kwana biyu kafin ya cika, na ce mishi Baba ko a waya ba ka bar mana fuskarka ba. Ya yi mini alama in matso, ya ce, "Tambayi yaron Mayahi. Ranar sunan nan na ce mishi tunda ya fara ya ɗauki duka." Ashe ranar ya yarda, sau ɗaya a rayuwarshi, kuma kai ya yarda wa.

Ka wanko mini wannan hoton, mai fuska duka, da hula da idanu. Ka ba Alkasim. Daga nan ba ni ba kai sai gaisuwar mutuwa.

An fara yankan taba a garka. Ban san ko zan sake dasawa ba, ban kuma san abin da za mu ci in ban dasa ba. Wannan ba damuwarka ba ce.

Biba.

*

Mayahi

Yaya Biba,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri.

Na bi wayata hoto bayan hoto har sau ban san iyaka ba, ko da yake na san abin da zan tarar.

Gaskiya ya faɗa miki. Bayan na ɗauki bakin, ya gyara hula, ya shafa gemu, ya zauna sosai a kan tabarma yana dariya, ya ce, "To ɗan boko, tunda ka fara ɗauki duka." Ni kuwa hankalina na kan gyambon, ina buɗa hoton da yatsa in ga ko ya fito. Na ce mishi, "Bakin kawai nake so, Kawu." Na sa wayar a aljihu.

Babu ɗayan hoton, Yaya. Ban ɗauka ba.

Muddassir.